Diyod Ɗin Da Aka Hana Ni Canzawa

Lokacin da kuɗin fetur ya fara ruɗa mutane, ina aiki a wata tashar sadarwa a kan dutse tsakanin Ƙanƙara da Faskari. Muna da wani akwatin ƙarfe, agogon atom, amma uban agogo muke ce masa, don da bugunsa sauran na'urori suke daidaita kansu. In ya kauce, waya ta mutu har Sabuwa. Ni kuwa mahaifiyata tana kwance a Damari, mun yi da ƙanena in jikin ya rikice ya hau keke zuwa Sabuwa ya bugo mini.

Da damina uban agogo ya fara tangaɗi. Na buɗe shi, ashe wani diyod ne ya tsufa, ɗan kayan lantarki kamar ƙwayar shinkafa, kuma ina da irinsa a durowa. Na ɗora dalmar liƙi a wuta ke nan sai ga shugabanmu, wani Alhaji da turarensa ke riga shi shiga ɗaki. Ya dube ni kamar ya kama ni ina ɗinke tsumma.

"Mi za ka yi? Mu yanzu mun wuce gyara. Sabon agogo shina bisa hanya daga Turai."

Ya kulle ɗakin ya tafi da makulli. Sabon ya iso kuwa, amma aka ce ba za a kunna ba sai babban baƙo ya zo ya yanke ƙyalle, shi kuma yau yana Ikko, gobe Landan. Waya ta mutu murus. Muna ta shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa. Na nemi izinin zuwa gida, aka ce wa zai bar tasha ana shirin biki?

Wani direban motar hatsi ne ya hawo dutsen ya yi mini gaisuwa. Ya ce ƙanena ya murɗa waya a Sabuwa har ya gaji, mahaifiyata kuma tana ta tambaya ko na taho. An riga an kai ta makwancinta.

Ranar bikin, aka yanke ƙyalle, aka tafa. Alhaji ya miƙo mini kan waya a gaban baƙi, yana ta fara'a, ya ce in gwada, in kira gida a ji muryar tsohuwa.