Ganyen da Baba Ke Yi wa Sallama

Jiya ina yanka kokwamba sai ƙamshin ya tsayar da ni cak. Haka hannun Baba yake ƙamshi. Dattijo ne maɗori da ya biyo ɗansa garin Greensboro na Amurka muna ɗalibai, a farkon shekarun tamanin. A bayan gidansu na McLeansville, can wajen gari, ya shuka wani ganye mai ƙaiƙayi da Turawa ke kira kamfiri, da shi yake ɗori. Ba ya tsinkarsa sai ya yi masa sallama.

Ranar da santsin ƙanƙara ya kayar da ni, wuyan hannuna ya tsage, na je wurinsa, sai ya aike ni in tsinko. Azaba ta ishe ni, na fizgo kawai. Yana cikin ɗaki, bai gan ni ba, amma ya karɓa ya shinshina, ya ce, "Malam, ba ka gaishe shi ba. Koma."

Na koma a kunyace na yi sallama. Babu iska ko kaɗan, amma ganyayen suka rusuna gaba ɗaya. Baba ya daka ya ɗaura mini, na ji sanyi har cikin ƙashi.

Bayan rasuwarsa ɗansa ya tone wurin sau uku ganyen na sake tsirowa, ƙarshe ya zuba siminti. Da bazara na je, sai ga ganyen ya tsaga simintin ya fito, daidai inda Baba ke tsugunawa. Ban san lokacin da na yi sallama ba. Ban tsaya jin ko za a amsa ba.

Allah ya jiƙan Baba, ya sanyaya makwancinsa yadda ya sanyaya mini hannu.