Shagon Guga da Ya Koma Gidan Dara

Tun ina ƙarami a Gusau ba a taɓa nemana a filin ƙwallo ba. In an rasa ni, to ina bakin rafi ina tona gurabun dara a yashi, ko ina zauren kawuna muna lido. Da na samu gurbin karatu a Alƙahira, mahaifiyata ta buɗe akwatina za ta sa mini yaji da kuka, sai ta tarar da allon lido da karta a ƙarƙashin littattafai.

"Karatu za ka ko wasa?"

Na ce, "Duka biyun, Inna." Ta yi ƙwafa, amma ba ta cire ba.

A Abbasiya muka kama haya, hawa na uku, mu huɗu. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci, ɗakinmu cika yake yi. Wani Bahaushen Sudan da ke zuwa daga Ainu Shams ya koya mana domino, ya kuma koya mana doka ta a tebur da ƙarfi, wai in ba ta yi ƙara ba, ba a yi wasa ba.

Mai gidanmu wata tsohuwar Bamisriya ce da ke zaune daidai ƙarƙashinmu, muna ce mata Hajja. Wata Juma'a sai ga ta ta hauro tana haki, da silifa ɗaya a hannu.

"Ya ibni, kafinta kuka ajiye a sama?"

Na ce, "Ma'alish, ya Hajja, domino ce."

Ta leƙa hannun abokina, ta yi tsaki. "Wannan ai bai iya ba. Tashi."

Ta zauna, ta cinye mu sau uku a jere, ta saka silifarta ta sauka.

Da na gama digiri na zarce na biyu, taron namu ya fi ƙarfin ɗaki. Sai Hajja ta kira ni, ta miƙa mini makullin shagon marigayi mijinta, wanda sana'ar guga yake yi a ƙasan benen.

"Ku sauko da hayaniyarku, ko kaina ya huta. Yalla."

Muka share, muka yi fenti, muka jera tebura shida. Na je wurin kafinta ya yi mini allon dara mai gurbi talatin. Da na je karɓa, ya tambaye ni ko ƙwai zan riƙa sayarwa. 'Ya'yan dara kuwa, ƙwallon dabino da marafan kwalba muka tara. Na haɗa shayi da zoɓo mai citta, irin namu.

Makon farko mu kaɗai ne. Tsofaffin da ke buga tawula, wasan ƙuri'a na Misirawa, a gidan shayin tsallake sai kallo, ba mai shigowa.

Baƙonmu na farko wa'azi ya zo yi. Abokin karatuna ne daga unguwar Darrasa, mai tsananin riƙo, ya shigo da littafi a hammata.

"Akhi, na zo nasiha ne. Ka san abin da malamai suka ce a kan wasan ƙuri'a."

Na ce, "Na sani, Malam. Zauna a nan, wannan teburin babu ƙuri'a, dara ce zalla."

Ya ce shi bai taɓa yi ba. Bahaushen Sudan ɗin nan ya nuna masa yadda ake jera uku a ci ɗaya, sannan ya cinye shi tas. Malam ya ajiye littafin, ya naɗe hannun riga. Sau biyar ana cinye shi kafin a kira la'asar. Washegari ya dawo, wai bai kammala nasihar ba.

Ihun da ya yi ranar da ya fara ci ne ya jawo tsofaffin tsallake. Ɗayansu ya kurɓi zoɓona, ya yi tari har da hawaye, ya ce a ƙaro.

Yanzu ranar Talata ta mata ce, ɗalibai 'yan Najeriya da Nijar da matan unguwa, ni ma a waje nake tsayawa. Sauran ranaku kowa da teburinsa. Tsohon nan mai tari ya bar tawula ya kama dara gadan-gadan, kuma Hausarsa kalma biyu ce tak. Da an cinye shi sai ya tattara ƙwallon dabinonsa, ya harare ni, ya ce, "A sake."