Kazar Inna ta hana a share ɗaki

Jama'a, yau na biya kuɗin shara cif, kuma ko tsintsiya ba ta taɓa ƙasa ba!

Kun san tun rasuwar Inna na kasa shiga ɗakinta. To gobe Yaya Bello zai zo daga Kurawa ya zuba gero ciki. Sai na kira Gwaggo Tumba daga Isa, mai aikin share gidaje. Ta ce dubu takwas, har da kuɗin mashin. Na ce shida. Ta ce, "Ɗiyata, kin san hanyar ga kuwa? Ba kowa ke biyo ta ba." Na yarda.

Ta shiga. Ina tsakar gida, na kasa zama. Sai na ji salati!

"Hadiza, taho ki gani!"

Na tsaya bakin ƙofa. Jar kazar Inna ce, wadda muka ɗauka an sace ranar zaman makoki! Ashe ta taga take shiga. Tana kwanci bisa ƙwai, cikin kwandon zanen sallar Inna.

Na ce a fitar da ita. Gwaggo ta ce, "Ba da hannuna ba! Ina ta da ƙura ta gudu, ƙwan su lalace. Sai ta ƙyanƙyashe. Amma kuɗina za ki cika mini, ai na zo."

Na cika mata.

Na kira Yaya. Ya ce, "Kaza ce za ta hana ni ajiye gero?"

Na ce, "Bisa zanen Inna take."

Can ya ce, "An ba ta ruwa?"

Ga kwanon ruwa a hannuna. Yanzu za ni shiga.