Shekarar da Muka Ba da Aron Rafi

Wata safiyar Alhamis ce, gab da Babbar Sallah, a shekarar da haƙorana na gaba suka fita. Ina tsaye cikin rafin ƙauyenmu a ƙasar Birnin Gwari, ruwa iya gwiwa, ina riƙe wa Inna zane kada ya jiƙe, ita kuma tana juya ƙwarya cike da yashi. Sai ga wasu mutane suna jan sarƙa a bakin gaɓa, wani Bature da hula kamar akushi yana biye da su, duk inda ya nuna da sanda sai a kafa turke. Akuyarmu ta je ta shinshina turke guda ta yi fitsari a gindinsa, matan da ke cikin ruwa suka kwashe da dariya. Inna ko ɗaga kai ba ta yi ba, don baƙin yashi ya fara taruwa a gindin ƙwaryarta, a nan ne zinariya take kwanciya.

Wankin zinariya a wurinmu aikin mata ne, kuma aikin rani ne. Da damina kowa yana gona. Ni nake korar tsuntsaye daga gero, in tsinko kuɓewa, in taya Gwaggo Asabe, ƙanwar babana, surfe har tafin hannuna ya yi kanta. Da kaka mu yi roron gyaɗa. Sai ruwa ya ja baya sannan mata su sauka rafi da ƙoransu, kowace da gurbinta da ta gada, ba mai shiga na wata. Abin da ake samu bai taka kara ya karya ba, ɗan ƙyalli ne kamar garin barkono, a tara shi cikin bututun gashin dinya a toshe da auduga, ranar kasuwa a sayo gishiri da kanwa. Mu yara muna kan yashi muna carafke, mu gina ɗakin amarya, mu kama tarwaɗa a ƙarƙashin duwatsu, da yamma mu yi gaɗa har a zo da bulala a kore mu gida. A rafin nan muke sha, a nan shanun Fulani suke sha, a nan ake ɗebo ruwan wankan jego da na gawa. Inna takan ce, "Kada ki yi kashi kusa da abin da ya girmi kakanki."

Bayan sallah aka tara manya a ƙofar mai unguwa. Na laɓe bayan danga ina kallo. Baturen ya yi magana, tafinta ya juya, ya ce kamfani ba saye zai yi ba, aron rafin yake nema. To, mu mun san aro. A garinmu in ka ari gona, ka noma, ka girbe, sai ka ɗauko dami guda ka kai ƙofar mai gona ka ce ga gonarka, Allah Ya saka. Ba a taɓa jin aron da ya tsallake kaka ba, kuma hana baƙo aro abin kunya ne. Babana yana cikin waɗanda suka fara cewa a ba su. Ba wanda ya tambayi yaushe za a maido, don tambayar mai aro ranar mayarwa cin fuska ne. Haka manya suka dangwala yatsa a takardar Baturen, aka watse ana yaba wa juna.

Kafin ruwan farko ya sauka sun tare rafin daga sama, sun juya shi cikin wata doguwar kwata ta katako, sun kewaye gurabun mata da waya mai ƙaya. Mazanmu suka zama leburori, gonaki suka yi ciyawa. Abin da yake gangarowa wurinmu taɓo ne ja, sai an bar shi ya kwana a randa kafin a sha. Duk da haka ba wanda ya yi ƙorafi. Ana cewa, "Ai kaka ta kusa."

Da aka gama girbi, mata suka yi shiri. Suka dama fura a sabuwar ƙwarya don tarbar masu maido da aro, Inna ta ɗaura zanen aurenta, ni aka ɗora wa faifai da ludayi. Muka je bakin waya muka zauna. Maigadi, wani dogo mutumin arewa, ya leƙo ya ce, "Lafiya, iyayena? Suna aka yi?" Gwaggo Asabe ta ce, "Rafinmu muka zo karɓa, ɗan nan. An gama kaka, ko ku a nan ciki ba ku ganin rumbu?" Ya fara dariya, da ya dubi fuskokinsu sai ya daina. Ya ce, "Gwaggo, aron da ke takarda ba ya bin kaka. Wannan yarinyar mai faifai sai ta yi jika ba a gama ba." Muka zauna har rana ta karkata, furar ta yi tsami, muka dawo da ita aka zuba wa awaki.

Ban kai ga jika ba suka tafi, zinariyar ce ta ƙare musu. Sun bar mana ramuka da tulin tsakuwa, rafin kuma ya manta hanyarsa, da rani ko danshi babu. Gida gida aka riƙa tashi. Babana, wanda tun ranar furar nan ba ya zama a majalisa, ya kwashe mu muka nufi gabas. Muka yi shekaru a Cadi, muka yi a Sudan, muka ƙetare ruwa. A unguwar Nakkasa ta Makka na yi aure, na haihu, na yi furfura ina sayar da abinci a Arfa lokacin aikin Hajji, ban taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Da aka rushe unguwarmu na dawo unguwar Rusaifa wurin 'yata.

Ɗanta Nuhu, haihuwar Makka, Hausarsa rabi Larabci, shi ne yanzu yake gyaran manyan motoci a wata mahaƙar zinariya can ƙarshen arewacin Kanada. Ya ce ƙasar ba ta da itace ko guda, kuma ƙarƙashinta ƙanƙara ce rani da damina. Akwai watannin da rana ba ta faɗuwa, sai ya dubi lokutan sallar Makka ya bi. Masu ƙasar ana ce musu Inuwit, mafarauta ne, suna cin kifi da naman wata barewa mai rassan ƙaho da take ratsa ƙasar garke garke. Ya ce in garken ya zo tsallaka hanya, motocin kamfani tsayawa suke yi. Ya ce an ɗauki 'ya'yansu aiki, ana zama da dattawansu, kuma an rubuta cewa in zinariya ta ƙare za a gyara ƙasar a mayar musu.

Ranar da ya ba ni wannan labari a waya na ce, "Kai mijin banza, ka bar ni nan ka tafi auren ƙanƙara. Sayar musu aka yi?" Ya ce, "La ya Sitti," wato a'a kakata, "ijar ne kawai. Me kuke ce masa? Aro." Na ce ya nemi tsohuwa a cikinsu ya ba ta labarin rafinmu. Ya ce, "Khalas, ya isa, Sitti, zamani ya canja, waɗannan suna da lauyoyi." Wataƙila gaskiyarsa ne, ni ban ga ƙasar ba. Amma na matsa masa, ya faɗa wa wata abokiyar aikinsa 'yar ƙasar mai tuƙa mota, ita kuma ta kai wa kakarta, wata mai ɗinka takalman fata.

Da ya sake kira na ce me tsohuwar ta ce. Ya ce ta ce ita ma bana ba ta ga bareyi a mashigar da ubanta ya saba jiransu ba. Ta ce a gaishe ni, a kuma tambaye ni yadda ɗanɗanon ruwan rafin namu yake.

Na shiga laluben ɗanɗanon. A da, yarinya ce ni mai kwanciya rub da ciki ta kafa baki a ruwa kamar ɗan maraƙi. Yau Zamzam nake sha daga jarka, alhamdu lillahi, ba ruwan da ya fi shi. Amma duk waɗanda muka sha wancan tare sun riga ni, ba wanda zan tambaya. Na nema a harshena, na nema, babu. Ashe har shi mun ba da.