Kitson Arba'in na Ni'imatu

Duk macen da ta zauna a unguwar Fegge ta Anacha kafin yaƙin basasa, in dai tana da gashi a ka, to ta san cinyar Zuliha mai kitso. 'Yar Ɗambatta ce, ta sauka garin tana amarya tare da mijinta Kallamu, mai ɗaurin huhun goro a babbar kasuwar bakin kogi. Shekara ashirin da 'yan kai ta yi a gindin mangwaron gidan hayarsu, ƙafafu a miƙe, kan wata a cinyarta. Matan mahauta, matan 'yan dako, Nufawa, har matan Ibo masu rumfa a kasuwar Ochanja, kowa nan take zuwa. Hannunta da zafi, bakinta ya fi hannun zafi. Kina motsawa za ta dungure miki ƙeya da mataji, ta ce mai gudun zafi ta je ta yi aski. Amma shukun Zuliha yakan yi wata guda cur bai tashi ba, shi ya sa ake shan dungurin a dawo.

Kai ɗaya ne tak hannunta bai taɓa hawa ba, kan 'yarta Ni'imatu. 'Yar fari ce, kuma kowa ya san kunyar ɗan fari: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, ba ta nuna ta san da shi a gaban jama'a. Zuliha ta ɗauki wannan al'ada ta ƙara mata gishiri. Ana yaye yarinyar, Kulu yayar Kallamu ta tafi da ita riƙo Inugu. Maza biyun da suka biyo bayanta ba su yi rai ba. In Ni'imatu ta zo da salla, Yaya take ce wa uwarta kamar sauran yaran gidan, ita kuwa uwar sai dai ta ce "waccan" ko "'yar gidan Kulu". Amma takan saci kallon kan yarinyar. Gashi ne baƙi wuluk, cike fal, an kuwa yi masa kitson Kulu. Kulu mutuniyar kirki ce, Allah ya jiƙanta, sai dai kitsonta kamar huɗar raggo. Zuliha takan ji yatsunta na ƙaiƙayi, sai ta tashi ta shiga madafa ba da wani aiki ba. Matan unguwa suka yi ta yabonta da kawaici. In ana son gaskiya, yabon nan ne ya cuce ta.

A shekarar da soja suka fara juyin mulki hannunta na dama ya soma yi mata gardama. Babban yatsa da manuniya da na tsakiya sai su mutu murus, ta ji kamar tururuwa na yawo a cikinsu. Takan farka kafin kiran salla tana yarfe hannu. Tsinken kitso ya fara suɓuce mata a tsakiyar tsaga, ita da ba ta taɓa yar da shi ba. Aka ce sanyi ne, ta sha jiƙo. Aka ce mugun jini ne, wanzami ya kafa mata ƙaho har sau biyu. Wata ta rantse baki ne, aka karɓo rubutu. Ta shafe gwangwanin man kaɗanya guda. Abu ɗaya ne ba wanda ya ce mata ta yi, wato ta ajiye kitson, don haka ta ci gaba da kai biyar kai shida a yini tana cije leɓe.

Ana cikin haka Kulu ta rasu. Ba a jima ba saƙo ya zo daga Awwalu, mijin Ni'imatu, ma'aikacin jirgin ƙasa a Inugu, cewa matarsa na da ciki, tunda mariƙiyarta ba ta raye, Fegge za ta zo ta haihu ta yi wankan jego. Zuliha ta ji saƙon ta ce to, kamar an ce mata gishiri ya ƙare. Ta ciki na ciki. Ranar da mai jego ta cika arba'in akan yi mata lalle da kitso a mai da ita ɗakinta, kuma ba wanda zai ga baiken mai kitson unguwa don ta yi wa mai jegon gidanta kitso. Al'adar da ta rufe mata ƙofa ita ce yau ta buɗe mata taga. Ta ƙudurta a ranta ita za ta kama kan nan, ta yi masa shukun da ba a taɓa gani ba a Fegge. Sannan ta dubi hannunta, wanda ko murfin kwano ba ya iya riƙewa da safe, tsoro ya kama ta.

Mama Uzo ce ta gane ciwon. Mutuniyar Anacha ce, ta girma a Kafanchan, Hausa a bakinta kamar jakar Kano, ta kuma daɗe tana ɗaurin miki a asibitin mishan kafin ta bar aiki. Ta zo kitso ta ga tsinke ya faɗi sau uku, sai ta ɗaga kanta daga cinyar, ta kama hannun. Ta lanƙwasa wuyan hannun ta riƙe, kafin a jima yatsun suka mutu. Ta yi bayani cewa akwai wata jijiya da ke bi ta wani matsattsen lungu a wuyan hannu, yawan lanƙwasawa ya kumbura wurin ya shaƙe ta. Likita na iya yin allura a wurin, in abin ya ƙi a tsaga. Da jin tsaga Zuliha ta fizge hannunta, ta ce da a yanka ta gara ta mutu da shi.

"Ba wanda ya ce a yanka ki yau," in ji Mama Uzo. "Maganin farko ba ya da ɗaci, amma ya fi ƙarfinki. Hutu ne. Wata uku ba kitso."

Washegari ta dawo da tsagin gora da ta goge ya yi sumul, ta shimfiɗa auduga a kai, ta ɗaure shi daga tafin hannu zuwa rabin dantse da tsumman zane, yadda wuyan hannun zai zauna a miƙe. Ta ce da shi za a kwana kullum, kada ta yi matashi da hannun. Da rana ta riƙa tsoma shi a ruwan randa, ta buɗe yatsun ta rufe a hankali. Ba daka, ba matsar wanki. Zuliha ta lissafa watannin cikin 'yarta, ta ɗora kwana arba'in, ta ga wata ukun zai cika daidai. Ranar ta naɗe tabarmar gindin mangwaro. Masu zuwa kitso suka yi ta mamaki, wasu suka ce ta yi arziki ne. Ba ta faɗa wa kowa dalili ba, har Kallamu.

Ni'imatu ta zo, ta haifi ɗa namiji lafiya. Wata tsohuwar maƙwabciya ta ɗauke wankan safe da yamma, Zuliha na bakin murhu tana dama kunun kanwa da hannun hagu. A lokacin hannun dama ya fara dawowa. Barci ya daina katsewa, tururuwar ta ragu, har ta gwada tsinto allura daga ƙasa ta kuwa tsinto.

Garin ne ya ƙi lafiya. Motoci suka yi ta sauke mutanen Gabas da suka gudo daga Arewa, wasu da rauni, wasu ba 'ya'yansu. Gaisuwa ta yi sanyi a Ochanja. Ƙanin Mama Uzo da ke Jos bai dawo ba, duk da haka takan shigo ta duba ɗaurin, ta gyara, ta fita ba hira. Wasu Hausawan suka fara haɗa kaya. Kallamu ya ce shekara ashirin da 'yan kai yana garin nan ba wanda ya taɓa marinsa. Sabo turken wawa.

Ran kwana ashirin da biyar da haihuwa, da hantsi, Ni'imatu na zaune a bakin ƙofa tana susar tsohon kitsonta da ya cukurkuɗe. Ba kowa a tsakar gidan sai su biyu. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Yaya, kaina ya dame ni. Ko za ki ɗan kama mini?"

Tunda aka haife ta wannan ne abu na farko da ta roƙi uwarta. Hannun zai iya, Zuliha ta sani sarai. Amma kunyar shekara ashirin ta taso ta shaƙe ta, ga shi tana son sai ranar arba'in, sai an taru, sai hannun ya cika wata ukunsa. Ta kau da kai ta ce, "Wa ya taɓa ganin mai jego da sabon kitso kafin arba'in? Ki bari tukuna." Ni'imatu ta ce to, ta ɗaura kallabinta.

Kwana takwas bayan nan aka ce duk ɗan Arewa ya bar Gabas. Awwalu ya iso da sassafe a wata motar kaya. An yi wa ma'aikatan jirgi alkawarin tarago daga Inugu zuwa Arewa da rakiyar 'yan sanda, ya samo wa matarsa da ɗansa wuri, ya ce ya fi aminci da bin hanyar mota. Kallamu ya ce mace ta mijinta ce, su je, shi da Zuliha kuma za su tsallake gada ta Asaba, a haɗu a Ɗambatta. Direba ya ce rabin awa kawai zai tsaya.

Zuliha ta sa haƙori ta kwance ɗaurin hannunta. Ta jawo tabarma ta shimfiɗa a ɗaki, ta zauna ta miƙe ƙafafu, ta ce, "Ke, zo nan." Ni'imatu ta ajiye jariri ta kwanta, ta ɗora kanta a cinyar. Gashin ya fi yadda Zuliha ta zata laushi. Ta tsefe gefen dama kawai, ta ja tsaga, yatsun suka kama aiki kamar ba su taɓa ciwo ba. Ba ta dunguri ƙeyar nan ko sau ɗaya ba. Tana layi na uku direba ya fara matsa hon, Awwalu ya yi sallama a ƙofar ɗaki har sau uku. Ta ƙarasa layin da sauri ta ƙulle. Ni'imatu ta rufe kan da kallabi, rabi sabon kitso rabi tsoho.

"A Ɗambatta zan ƙarasa miki," in ji Zuliha.

Ita da Kallamu sun isa Ɗambatta bayan kwana tara a hanya. Ni'imatu ba ta iso ba. Zuliha ta yi ta zarya tashar jirgin Kano tana tambaya, wannan ya ce taragon ya tsaya a Makurɗi, wancan ya ce bai ma baro Inugu ba. Yaƙi ya ɓarke, ya ci shekara kusan uku. Da aka gama Kallamu ya koma nema. A Inugu ba wanda ya san inda Awwalu ya yi, a Fegge ya tarar da gidan ba rufi, Mama Uzo ma ba labarinta. Ya dawo bai daɗe ba ya kwanta ciwon ajali.

Hannun kuwa ya warke sarai. Ta koma kitso, amma kai biyu kawai a mako, kuma tana hutawa a tsakani. Matan Ɗambatta suka ce jan aji take. Ba su san tanadin hannun take yi ba.

Wata shekara aka kawo amarya maƙwabtansu, cikin 'yan rakiya akwai wata Maijidda, wadda ita ma daga Inugu ta gudo. Ta zo kitso, hira ta kai su ga jirgin nan. Ta ce ta shiga shi, kwana huɗu suka yi a tarago a cunkushe kafin a sauke su a Makurɗi, kowa ya kama gabansa, ba ta sake ganin kowa ba. Ta ce abin da ba ta manta ba wata mai jego ce a kusa da ita, da kallabinta ya zame sai ga kai rabi a kitse, layi uku kacal.

Yatsun Zuliha suka tsaya cak. Ta tambaya ko layukan sun miƙe. Maijidda ta ce biyu kamar an ja su da zare, na ukun ya ɗan karkace. Ta ce ganin zaman banza suke yi, sai ita da wata suka ce wa mai jegon ta kawo kan su ƙarasa mata, ta ƙi fur.

"Me ta ce?"

"Cewa ta yi, uwata ce ta fara, ita za ta ƙarasa."

"Uwata ta ce?"

"Haka ta ce."

Zuliha ta sa ta maimaita har sau uku, sannan ta kifa fuskarta a kan baƙuwar ta yi kukan da ba ta yi ba ranar rabuwa. Shekara goma sha ɗaya ta ƙara a duniya. 'Yan'uwanta da ke Bichi suka yi juyin duniya ta koma wurinsu su riƙe ta, ta ƙi. Ta ce Ɗambatta ta ce wa yarinyar, in ta zo kada ta tarar ba kowa.