Kananzir ɗin da Kawu Ya Hana Ni Zubawa

Jiya a kasuwar Roni na wuce mai sayar da kananzir, warin ya buge ni, na tsaya cak kamar an kira sunana. Kawuna ne ya faɗo mini a rai, shekara guda ke nan da rasuwarsa.

Ya daɗe yana koyar da kimiyyar sinadarai a Kazaure, kuma har ya tsufa ba a zuba kananzir a gidansa sai ya sansana. Mukan yi masa dariya a ɓoye.

Wata rana na sayo kwalba guda a Babura, na buɗe risho zan zuba. Ya ce, "Dakata, 'yar nan." Ya ɗiga a bayan hannunsa, ya hura. Nan da nan wurin ya fara bushewa.

Ya ce, "An gauraya shi da fetur. 'Yan gida ɗaya ne, dukansu kabon da haidurojin. Amma sarƙar fetur gajera ce, shi ya sa ba shi da haƙuri, nan da nan yake bin iska ya kama wuta."

Na ce, "Haba Kawu, ai kalarsa ba ta sauya ba."

Sai ya ɗauki kwalbar. Ya zuba kaɗan a tsakar gida, ya ja ni baya, ya wurga ashana. Tun ba ta taɓa ƙasa ba wuta ta tashi fuu. Na dubi rishon, na ji numfashin 'yata da ke goye a bayana. Sai na zauna a ƙasa.

Yau yarinyar tana aji uku. Kawu ya raba mu da wutar duniya, Allah ya raba shi da ta lahira.