Haƙorin da Aka Ce Ya Mutu

Ko na tsufa na rasa haƙoran bakina kaf, ba zan manta da ranar da haƙorin Dada ya ɓare ba. Dada mahaifiyata ce, kuma abin alfaharinta guda ne a duniya: ta haura sittin, ba a taɓa cire mata haƙori ba. Kullum cewa take da su talatin da biyu za a kai ta makwancinta.

Muna zaune a tsakar gidanmu a Lokuwa da hantsi, tana cin busasshiyar aya, sai muka ji ƙas. Tsakuwa ce. Ta tofo gutsuren haƙorinta na turmi a tafin hannu, ta zuba masa ido.

Ni na san wannan ƙarar. Ina 'yar shekara goma sha biyu nawa ya karye haka, ko iska ta taɓa shi sai na yi birgima, ƙarshe cire shi aka yi. Amma Dada ko gezau. Har ruwan randa mai sanyi ta kurɓa, ba ta ji komai ba. Maƙwabciyarmu, wadda ba a raba ta da fatawa, ta ce, "Haƙorin da ya karye bai yi ciwo ba ai ya mutu. Cirewa kawai za su yi."

Wallahi na yarda da ita, kuma tausayin Dada ya kama ni. Sati guda ba ta dariya. Da kyar na lallaɓa ta muka hau keke mai ƙafa uku zuwa wajen likitar haƙori.

Da aka ɗauki hoton haƙorin, Dada ta ce wa likitar, "'Yata, in gawa ce ki faɗa mini, kada ki ɓoye."

Ni ma na ba da labarin nawa haƙorin. Likitar ta yi murmushi, ta nuna mana wani siririn layi a tsakiyar hoton. "Mama, kowane haƙori yana da ɗan ɗaki a ciki, nan jijiya take. A bakin yaro ɗakin faɗi gare shi, shi ya sa 'yarki ta sha wuya. Amma duk shekara haƙori yana ƙara wa bangonsa kauri ta ciki, ɗakin yana tsukewa, jijiya tana ja da baya. Naki karayar ba ta kai gare ta ba. Da ransa."

Dada ta ce, "Wato yaɓe yake yi, kamar yadda nake wa ɗakina kafin damina?"

"Shi ke nan, Mama. Sai dai kada rashin ciwo ya ruɗe ki. A shekarunki rami yana iya yin nisa ba ki ji ba, ki riƙa zuwa ana dubawa."

Cike shi aka yi. A hanyar gida sai da ta sa mai keke ya tsaya a Sabon Layi ta sayi aya, amma jiƙaƙƙiya.

A da ina ganin tsufa ba abin da yake yi sai ɗiba. Ranar na gane yana ƙara wani abin ma, a ciki, inda ba mai gani. Kuma tun daga lokacin ban sake yanke wa abu hukuncin mutuwa don kawai ya yi shiru ba. Dada tana nan, haƙoranta talatin da biyu. Ni mai talatin da ɗaya, har gobe gori take mini.